KARE A LOKACIN HUNTURU: WASANNI DA HORON DA ZA SU ƊAUKE MASA KEWA A CIKIN GIDA

Gabatarwa

Daga tsakiyar watan Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu, iskar hunturu takan taso daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙura daga hamadar Sahara, musamman daga ƙwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ta lulluɓe ƙasar Hausa da hazo. A Gusau da Tsafe da Bunguɗu, ma'aunin zafi yakan sauko ƙasa da digiri 15 a wasu darare, laimar iska kuwa da rana takan gaza kashi 20 cikin 100. Mutum yakan nemi bargo da man shafawa, ya lallaɓa gindin wuta. Amma akwai wata halitta a bayan ɗaki ko a ƙofar gida da ba a cika tunawa da ita ba, wato kare.

A ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa, dusar ƙanƙara ce ke tsare kare a cikin ɗaki makonni da dama, shi ya sa masanansu suka yi nisa wajen nazarin hanyoyin sama masa abin yi. Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da namu dalilan da ke sa kare zaman dole. Wannan maƙala za ta bayyana waɗannan dalilai, da abin da zaman banza ke yi wa jikin kare da halinsa, sannan ta kawo wasanni da horo waɗanda ɗalibi zai iya gudanarwa a tsakar gida ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

Lokacin Aiki Ya Zama Lokacin Zama

A al'adar Bahaushe, hunturu shi ne lokacin da kare ya fi yin aiki a duk shekara. Da zarar an gama kaka, an ɗauke amfanin gona, ciyawa ta bushe, sai mafarauta su buga ganga su fita da gorori da karnuka. A gindin duwatsun Tsafe da na Kwatarkwashi, da fadamun Gulbin Sakkwato wanda ya ratsa Gusau da Bunguɗu, kare kan wuni yana bin sawun zomo da gafiya da kurege da makwarwa. Da yamma ya dawo a gajiye, ya ci abin da ya samu, ya kwanta.

Abubuwa sun sauya. Gonaki da gidaje sun cinye daji mai yawa, namun dawa sun ragu. Gusau ta bunƙasa ƙwarai tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka mayar da ita babban birni, sai ga gidaje masu katanga da ƙofar ƙarfe, kowanne da karen gadi a ciki. Uwa uba kuma, matsalar satar shanu da 'yan bindiga, wadda ta ta'azzara tun daga wajejen shekarar 2011, ta sa shiga daji ya zama kasada. Sakamakon haka, karen da kakanninsa suka saba gudun kilomitoci a rana, yau yana ɗaure da sarƙar da ba ta wuce taku uku ba, daga safe har dare.

Abin Da Zaman Banza Ke Haifarwa

Domin a fahimci illar wannan zama, sai an waiwayi asalin kare. Binciken ƙwayoyin gado ya tabbatar da cewa kare ya samo asali ne daga kyarkeci, kuma shi ne dabba ta farko da ɗan Adam ya fara kiwo, shekaru aƙalla 15,000 da suka wuce, tun kafin a san noma. A kusa da birnin Bon na ƙasar Jamus an tono wani kabari mai shekaru fiye da 14,000, inda aka binne kare tare da mutane biyu. A tsawon wannan zama kare ya sauya ƙwarai. Alal misali, wani bincike da aka yi a ƙasar Suwidin aka buga a 2013 ya nuna cewa kare ya fi kyarkeci yawan ƙwayoyin gadon da ke taimakawa wajen narkar da sitaci, wanda shi ne dalilin da ya sa karenmu ke rayuwa da tuwo da ƙanzo. Amma akwai abin da bai sauya ba: ƙwaƙwalwarsa har yanzu ta mai nema ce. An halicce shi ya sansana, ya bi sawu, ya kora, ya cafke, ya tauna.

Idan aka hana dabba aikata abin da aka halicce ta a kansa, jikinta yakan shiga halin takura. Wasu 'yan ƙulluttai da ke saman ƙoda sukan saki wani sinadari mai suna kotizol. Wannan sinadari yana da amfani a lokacin haɗari, domin yana tanadar wa jiki ƙarfin gudu ko faɗa. Amma idan ya daɗe da yawa a cikin jini, yakan raunana garkuwar jiki, ya hana barci mai kyau, ya sa dabba saurin fushi. Alamomin takura a bayyane suke ga mai lura: haushi ba dare ba rana, kai da komo a wuri guda har ƙasa ta yi gurbi, bin wutsiya, lasar ƙafa har ta yi gyambo, tonon gindin katanga, da kisan kajin gida.

Mafi muni a cikinsu shi ne cizo. Wani bincike da aka yi a birnin Denba na Amurka a 1994 ya gano cewa karnukan da ake ɗaurewa da sarƙa a gida sun fi sauran yiwuwar yin cizo kusan ninki uku. Kuma galibin waɗanda ake cizon yara ne. Ke nan sama wa kare abin yi kariya ce ga ƙannenmu da 'ya'yan maƙwabta.

Matsayin Kare A Gidajenmu

Idan an ce "cikin gida" a wannan maƙala, ba ana nufin ɗakin kwana ba ne, kamar yadda Turawa ke yi. Ana nufin tsakar gida, ko bayan ɗaki, ko rumfa, ko wani shago da ba a amfani da shi. Addinin Musulunci ya yarda da ajiye kare domin farauta da kiwo da gadin gona, kuma aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta yi magana a kan halaccin abin da dabbar farauta horarriya ta kamo. Malaman fiƙihu sun yi bayanin alamomin horarren kare: idan an sake shi ya tafi, idan an tsawata masa ya tsaya. Wannan ya nuna cewa horon kare ilimi ne da ya daɗe a hannun magabata. Wanda ya ajiye dabba kuwa, ci da shanta da lafiyarta amana ce a wuyansa. Sai dai a keɓe wa kare kwanonsa da kayan wasansa, a nisanta su daga kwanukan abinci da wurin salla, kuma a wanke hannu da sabulu bayan kowane wasa.

Hanci: Babbar Taga Ta Kare

Mutum da ido yake sanin duniya, kare kuwa da hanci. A cikin hancin ɗan Adam akwai ƙwayoyin jin ƙamshi kimanin miliyan 5 zuwa 6. A hancin kare sun kai miliyan 200, a wasu nau'o'in har miliyan 300. Idan kare yana sansano, yakan ja iska kamar sau 5 a daƙiƙa guda. Wani kaso na iskar yana wucewa huhu, wani kason kuma yana shiga wani lungu na musamman a can ƙarshen hanci inda ƙwayoyin jin ƙamshi suke. Idan zai fitar da numfashi, iskar takan bi ta tsagar da ke gefen hancinsa, don haka ba ta kore ƙamshin da yake bi.

Ƙwayoyin ƙamshi sai sun narke a cikin danshin hanci kafin kare ya ji su. Wannan ne ya sa busasshiyar iskar hunturu da ƙurarta ke rage masa ƙarfin sansano da tsakar rana. Tsofaffin mafarauta sun san cewa kare ya fi kama sawu da sassafe, lokacin da ƙasa ke da ɗan sanyi da laima. Saboda haka, wasannin hanci sun fi kyau da hantsi ko da la'asar sakaliya, kuma a ajiye ruwan sha a kusa.

Aikin hanci yana gajiyar da kare ta hanya mai kyau, domin ƙwaƙwalwa ce ke aiki. A 2019 wasu masana biyu, Charlotte Duranton da Alexandra Horowitz, sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi: sun raba karnuka gida biyu, kashi ɗaya ya yi makonni biyu yana wasan neman abinci da hanci, ɗayan kuma yana koyon tafiya a gefen ubangidansa. Da aka gwada su, karnukan da suka yi aikin hanci sun fi saurin tunkarar sabon kwano da tsammanin samun alheri a cikinsa, alamar kwanciyar hankali ke nan.

Akwai kuma wani abin mamaki da masanin halayyar dabbobi Glen Jensen ya gano a 1963. Ya ba ɓeraye zaɓi tsakanin abinci a kwano da abincin da sai sun danna wani ƙarfe kafin ya fito. Da yawansu suka ci gaba da danna ƙarfen alhali ga abinci a banza. An ga irin wannan hali a dabbobi da dama. Neman abincin kansa yana da daɗi ga dabba. Wanda ya zube wa kare tuwo a kwano ya cinye a minti biyu, ya cika masa ciki, amma ya bar masa sauran yinin ba abin yi.

Wasanni Shida Na Tsakar Gida

Na ɗaya, watsa abinci. A ɗebi wani kaso na abincin kare na yau da kullum, kamar gutsattsarin ƙanzo ko ƙuli-ƙuli marar yaji, a watsa shi a cikin tarin harawa ko busasshiyar ciyawa mai tsabta. Abincin da zai cinye a minti biyu sai ya ɗauke shi minti 15 yana nema. A yayyafa ruwa kaɗan a wurin kafin a fara, domin ƙura ta kwanta.

Na biyu, wasan ƙoƙuna uku. A kifa ƙoƙuna uku a ƙasa, a sa ɗan abinci a ƙarƙashin ɗaya yana kallo. Idan ya taɓa daidai, a ɗaga masa ya ci. Bayan ya gane, sai a riƙa ɓoyewa ba ya gani, daga baya a ƙara yawan ƙoƙunan.

Na uku, jan sawu. A ɗaura ɗan guntun ganda a igiya, a ja shi a ƙasa daga ƙofar gida zuwa bayan rumbu, a ajiye lada a ƙarshe. A fara da taku biyar a miƙe, sannan a tsawaita, a sa kwana, a bar sawun ya ɗan jima kafin a sako kare. Wannan shi ne wasan da ya fi kusa da farauta, kuma yana kiyaye basirar karen mafarauci har ranar da daji zai yi lafiya.

Na huɗu, jeka ka ɗauko. A naɗe tsumma a yi ƙwallo wadda ta fi ƙarfin ya haɗiye, a jefa, idan ya kawo a musanya masa da lada. A nan akwai wani ilimi mai amfani: bincike a 1989 ya tabbatar da cewa idon kare yana da nau'i biyu ne kawai na ƙwayoyin ganin launi, mu kuwa uku gare mu. Yana bambance shuɗi da rawaya, amma ja da kore sukan rikice masa. Tsumma shuɗi a kan jar ƙasa ya fi masa sauƙin gani.

Na biyar, ja-in-ja. A kitsa tsohon zane ko buhun algarara a yi igiya mai kauri. Dokar wasan ita ce mutum ne ke farawa, shi ne ke tsayarwa, kuma da zarar haƙori ya taɓa hannu wasa ya ƙare. Wannan wasa na manya ne, kada a bar ƙananan yara su yi shi.

Na shida, tsallake da zagaye. A ɗora taɓarya a kan tubala biyu ya tsallake, a jera tsofaffin tayoyi ya bi ta cikinsu, a sa turmi ya zagaya. A fara da tsayin da bai wuce gwiwarsa ba. Kwikwiyon da bai shekara ba kada a sa shi tsalle mai tsawo, domin ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba.

Bayan waɗannan, kare yana buƙatar abin tauna, domin tauna tana kwantar masa da hankali. Busasshiyar ganda mai faɗi ta wadatar, a ɗauke ta idan ta ƙanƙance. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa ya yi tsini, yana iya huda hanji.

Yadda Kare Ke Koyo

Masanin nan ɗan ƙasar Rasha, Ivan Pavlov, wanda ya sami kyautar Nobel a 1904 saboda bincikensa a kan narkewar abinci, ya lura cewa karnukansa sukan fara zubar da miyau tun kafin abinci ya iso, da zarar sun ji wata ƙara da suka saba ji kafin a ba su. Dabba tana haɗa abu biyu da ke zuwa tare. Shi ya sa karen da ake kira a doke shi yakan haɗa sunansa da duka, gobe idan an kira shi sai ya ruga.

A Amurka kuma, Edward Thorndike a 1898, da B. F. Skinner a 1938, sun nuna cewa duk aikin da lada ya biyo bayansa, dabba takan maimaita shi, wanda kuma bai haifar da komai ba takan bar shi. A kan wannan ƙa'ida aka gina horon zamani, kuma tana da sharuɗɗa huɗu. Lada ya zo nan take, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, in ba haka ba kare ba zai san abin da aka saka masa a kai ba. Kalmar umarni ta zama guda, duk mutanen gida su yi amfani da ita. Darasi ya zama gajere, minti biyar sau biyu ko uku a rana ya fi awa guda a jere. Sannan a tashi daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Ga yadda ake koyar da umarni huɗu mafi muhimmanci. "Zauna": a riƙe lada a saman hancinsa, a ja shi baya kaɗan ta kan goshinsa. Kansa zai ɗaga, gindinsa ya sauka. Yana taɓa ƙasa a ba shi. Bayan an maimaita sau da dama, sai a riƙa faɗin kalmar kafin motsin hannu. "Tsaya": yana zaune, a nuna masa tafin hannu, a jira daƙiƙa biyu a ba shi lada, sannan a riƙa ƙara lokaci da nisa. "Zo": a fara daga taku biyu, a kira shi da fara'a, ya zo a ba shi lada mafi daɗi. Kada a taɓa kiransa domin a hukunta shi. "Bari": a damƙe abinci a hannu, a bar shi ya sansana ya lasa har ya gaji. Yana janye kansa, a ba shi wani ladan daga ɗaya hannun. Wannan umarni na iya ceton ransa ranar da ya tarar da mushen ɓeran da ya ci guba, ya kuma ceci kajin gida.

Da yawa daga cikinmu sun taso da ra'ayin cewa sai da bulala kare ke jin magana, wasu ma sukan hana shi abinci ko su tsokane shi wai don ya yi zafi. Wani bincike da aka yi a ƙasar Fotugal aka buga a 2020, a kan karnuka 92, ya nuna cewa waɗanda aka hora da tsawa da fizgar wuya sun fi nuna alamun tsoro, kuma kotizol ya fi yawa a miyansu bayan darasi, idan aka kwatanta da waɗanda aka hora da lada. Kare mai tsoro ba ya bambance ɓarawo da almajiri ko baƙon da ya yi sallama. Karen gadi nagari shi ne wanda zai yi haushi ya sanar, kuma ya yi shiru idan ubangidansa ya ce ya isa.

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Binciken John Paul Scott da John Fuller, wanda suka buga a 1965, ya nuna cewa tsakanin mako na 3 da na 12 na rayuwar kwikwiyo ne ƙwaƙwalwarsa ta fi karɓar sabo. Abin da ya saba da shi cikin lumana a wannan lokaci, yara ne, awaki ne, ƙarar babur ce, da wuya ya tsorata shi idan ya girma. Duk da haka, babban kare ma yana koyo, sai dai yana buƙatar haƙuri. Iyakar basirar kare kuwa tana da nisa: a 2011 aka buga labarin wata karya mai suna Chaser a Amurka, wadda ta haddace sunayen kayan wasa 1,022.

Gwaji Domin Ɗalibai

Malaman kimiyyar halittu za su iya mayar da wasan ƙoƙuna uku ya zama darasi a kan yadda ake bincike. Tambayar ita ce: da hanci kare ke gano abincin, ko da sa'a? Ɗalibin da ke da kare mai allurar rigakafi a gida ya yi gwajin sau 30 cikin kwana uku, yana rubuta sakamako. Idan sa'a ce kawai, za a sa ran ya dace kamar sau 10, wato ɗaya bisa uku. Idan ya dace sau 20 ko fiye, to akwai abin da ke yi masa jagora.

Amma mene ne wannan abu? A farkon ƙarni na 20 an yi wani doki a birnin Balin mai suna Hans, wanda aka ce ya iya lissafi, yana ba da amsa da bugun kofato. A 1907 masani Oskar Pfungst ya nuna cewa dokin yana karanta motsin jikin mai tambaya ne, kuma idan mai tambayar bai san amsa ba, dokin ma yakan kasa. Kare ma ya iya karanta mutum. Bincike a 2002 ya nuna cewa ya fi birin cimfanzi gane nunin yatsa. Don haka sai mutum biyu su yi gwajin: ɗaya ya ɓoye abincin ya bar wurin, ɗayan da bai san inda yake ba ya sako kare. Daga nan za a iya kwatanta sakamakon safe da na tsakar rana, a ga ko bushewar iska tana da tasiri. Da wannan ɗalibi zai koyi hasashe da awo da kauce wa ruɗin kai, waɗanda su ne ginshiƙan kimiyya.

Kula Da Lafiya A Hunturu

Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39. Karnukanmu na gida gajeren gashi gare su da ƙarancin kitse, jikinsu ya fi dacewa da zafi. A yi wa kare makwanci mai bango ta arewa da gabas inda iska ke bugowa, a shimfiɗa buhu ko ciyawa domin kada ya kwana a kan siminti. Jariran kwikwiyo ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu a makonnin farko, sanyin dare ɗaya yana iya kashe su. Kada kuma a sa garwashi a rufaffen wuri, domin iskar da gawayi ke fitarwa guba ce ga dabba da mutum. Ruwan sha kada ya yanke, kasancewar busasshiyar iska tana zuƙe ruwan jiki ta hanyar numfashi. Idan tafin ƙafarsa ya yi faso, a shafa masa man kaɗanya.

Wajen zaɓen lada a yi hattara. Albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, don haka kilishi da tsire masu yaji ba su dace ba. Goro da cakulan suna ɗauke da sinadaran da jikinsa ba ya iya fitarwa da sauri, suna iya sa masa bugun zuciya da farfaɗiya. Maganin mutane kuwa kada a ba shi sai da izinin likitan dabbobi.

Sharaɗin da ke gaban duk wani wasa shi ne allurar rigakafin ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan kashi 99 cikin 100 ta hanyar kare, kuma kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake cizo yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya samar da rigakafinta, kuma a nan Nijeriya Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa allurar karnuka. Ana yi wa kwikwiyo idan ya kai wata uku, sannan a riƙa maimaitawa bisa shawarar likita. Idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari, yaɗuwar cutar takan tsinke. Wanda kare ya ciza ko ya yaƙusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar. Kada a tsaya jiran alamu, domin da zarar sun bayyana kusan babu mai tsira. Kuma kada a yi wasa da karen da ba a san mai shi ba, ko wanda halinsa ya sauya farat ɗaya.

Kammalawa

Babban kare yana barcin awa 12 zuwa 14 a kwana, saboda haka abin da ake nema ba shi da yawa. Minti 15 na aikin hanci da hantsi, darasi biyu na minti biyar-biyar, wasan gudu da la'asar, da abin tauna da dare, sun isa su sauya halinsa cikin 'yan makonni. Ranar da hazo ya yi sauƙi kuma, a sa masa igiya a zagaya da shi cikin unguwa. Ba a fafe gora ranar tafiya: karen da ake so ya yi gadi da hankali, ko ya koma farauta idan Allah ya dawo mana da zaman lafiya a dazuzzukan Zamfara, yanzu ne lokacin horonsa. Ɗalibin da ya ɗauki wannan aiki zai sami ɗakin gwaji a tsakar gidansu, inda zai ga abin da ya karanta a aji game da jijiyoyi da gaɓoɓin ji da halayyar dabbobi yana aiki a gabansa. Malamai kuma su ƙarfafa wa ɗalibai gwiwa su rubuta abin da suka gani da adadi da kwanan wata, su kawo aji a tattauna.